Yadda ake tayar da tsohuwar a-kori-kura ko da rayuwa tana yi maka cikas

Yawancin tsofaffin motocin da ake ɗauka da niyyar gyarawa, mai su ne ke kashe su da hannunsa. Cikin ɗoki sai ya kwance komai a makon farko. Ana nan sai wani abu ya faɗo: aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da shi ko wani nasa, ko aure ya mutu, ko a yi rashi. Bayan watanni ya dawo ya tarar da notuna cike da gwangwanaye, bai san na ina ne ba, injin kuma a buɗe ya sha ƙura. Ƙarshenta mota ta tafi wurin masu auna ƙarfe. Na tayar da irin waɗannan motoci da dama, wasu ina cikin walwala, wasu kuma a lokacin da aikin ne kaɗai ke fitar da ni daga ɗaki. Tsarin da zan bayyana a kan abu ɗaya na gina shi: duk ranar da ka ajiye sifana, motar ta kasance a halin da za ta iya jiran ka.

A-kori-kura ta dace da mai koyo. Yawanci bodinta ɗore yake a kan shasi da notuna, injin a gaba, farfela ta kai ƙarfi zuwa aksul na baya, hannu kuma yana isa kusan ko'ina ba tare da an yi dabara ba.

KAYAN AIKI

Kada ka sayi komai a tashi ɗaya. Waɗanda za ka fara da su:

- Saitin sifanu da soket. Motocin Japan da yawancin na Turai awon milimita suke bi, daga 8 zuwa 24 zai ɗauke maka mafi yawan aiki. Tsofaffin motocin Amurka awon inci ne, sifanar milimita tana lalata kan notinsu.
- Sukudireba iri-iri, filaya, guduma, burushin waya, da dogon bututun ƙarfe da za ka zura wa sifana idan noti ya ƙi.
- Jak, da ƙafafun ƙarfe huɗu na tallafe mota, da weji.
- Mitar auna wuta, da ƴar fitilar gwaji.
- Man feshi mai kwance tsatsa, giris, kananzir na wanke sassa, tsummoki.
- Tabarau na kare ido, safar hannu, takunkumi, da tukunyar kashe gobara irin ta hoda.
- Ledoji masu zif, alƙalami mai kauri, tef ɗin takarda, littafin rubutu, da wayar ɗaukar hoto.
- Littafin gyara na ainihin samfurin motarka. A ciki za ka ga ƙarfin ɗaurin kowane noti da zanen wayoyi.

Ma'aunin matsin silinda, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, injin walda da injin fesa fenti, aro ko haya ya wadatar. Aikinsu na kwanaki ne, bai kamata kuɗinka ya kwanta a kansu ba.

Idan ba ka da ƙafafun ƙarfe, yi amfani da gumaguman katako masu kauri, a kwance, a kan daɓe mai ƙarfi. Bulo kuwa kada ka kuskura, yana fashewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita.

MATAKI NA 1: ZAƁEN MOTAR

A nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa. Fara da takardu kafin ka buɗe bonet. Lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta takarda. Motocin da aka ƙera daga wajen 1981 yawanci lambarsu haruffa da lambobi 17 ce, waɗanda suka girme su kuwa kowane kamfani da tsarinsa. Idan ka ga an goge lambar, ko an yi walda a kewayenta, bar motar komai arharta. Abin takaici ne ka zuba ƙarfinka shekara guda a kan abin da doka ba za ta yarda naka ba ne.

Sai shasi. Kwanta ƙasa da fitila da guduma, ka bi shi daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsini, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, kuma ɓawo yana zubowa. Ka fi tsayawa a inda sifirin ɗin baya ke rataye, da inda kan motar ke zaune a kan shasi, da sandunan da suka gitta, da gefen tankin mai inda laka ke taruwa. Caka sukudireba da ƙarfi. In ta shige, ka ga gaskiyar motar. Injin da ya mutu ana ta da shi ko a sauya, amma shasin da ya ruɓe a wurare da yawa, ko ya karkace saboda haɗari, ya fi ƙarfin mai koyo.

Zaɓi samfurin da aka ƙera da yawa, domin kayansa ba za su wahalar da kai ba. Toyota Hilux tun 1968 ake yin ta, Ford F tun 1948, ga Datsun 620 ta shekarun 1970, ga Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya. Wadda aka fi gani a titunan inda kake zaune, ita ce kayanta za su fi samuwa, kuma ita ce kanikawa suka fi sani.

MATAKI NA 2: KUƊI, WURI DA LITTAFI

Kuɗin mota daban, kuɗin gida daban. Wanda ya rasa aiki ko yake jinya, zuciyarsa na iya raya masa cewa idan ya gama motar da wuri zai sayar ya farfaɗo. Na ga inda wannan lissafi ya kai mutane. Sau da yawa abin da aka kashe wajen gyara ya fi abin da mai saye zai bayar, musamman idan an haɗa da fenti. Idan da niyyar yin sana'ar ɗaukar kaya kake gyaranta, to burinka ta yi tafiya lafiya ta tsaya lafiya, ƙyalƙyali ya jira. Kada ka ci bashi a kanta, kada ka taɓa kuɗin magani ko na makarantar yara. Duk abin da ka ƙiyasta, ka ƙara rabinsa a kai, domin tsohuwar mota ba ta bayyana ciwonta duka a rana ɗaya.

Wurin aiki ya zama mai daɓe, mai iska, wanda ba za a ce ka kwashe motarka ba bayan wata biyu. Idan wurin wani ne, ku yi magana a fili tun farko a kan tsawon lokacin.

Littafin kuwa shi ne abin da na fi ba wa muhimmanci a duk kayan aikin. Kowace rana ka rubuta abu uku: abin da ka yi, abin da ka bari bai ɗauru ba, da aikin da zai biyo baya. Ka ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu, daga kusurwa biyu ko uku. Notunan kowane sashe su shiga ledarsu, a rubuta suna. Kowace waya da ka cire, manna mata tef ka rubuta inda take zuwa. Yau kana ganin ba za ka manta ba. Mutumin da ya yi wata uku yana zirga-zirgar asibiti ba ya tuna wane noti ne gajere, wane ne dogo.

Ƙa'ida ɗaya za ta bi ka har ƙarshe: sashe ɗaya a lokaci ɗaya. Ba a buɗe birki alhali kafireta tana kan tebur a warwatse.

MATAKI NA 3: WANKI

Kwashe duk tarkacen da ke ciki da baya. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga ƙarfen da ke ƙarƙashi. Idan akwai sheƙar ɓera, yayyafa mata ruwa mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin ka kwashe, da takunkumi a fuskarka, kada ka share ta a bushe. Rufe distirbuta da kafireta da altaneta da leda, ka wanke injin da ƙasan motar. A kan injin mai tsabta ne za ka gane daga ina mai ke yoyo.

MATAKI NA 4: TAYAR DA INJIN

Kada ka sa batir ka murɗa makulli a motar da ta yi shekaru a tsaye. Mutane da yawa a wannan minti ɗaya suke lalata injin da ba abin da ya same shi.

Zaro geji ka duba baƙin mai. Baƙi ƙirin ba matsala ba ce. Idan ya yi fari-fari yana kumfa, ruwa ya shiga, kuma ana zargin gasket na tof-silinda. Idan yana ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ciki ya ci kansa.

Cire fulogai duka, bayan ka yi wa wayoyinsu lamba. Zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai, ko man giyar otomatik, a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sa giya a firi, ka ɗora soket a kan babban notin fulin da ke gaban karanshaf, ka juya da hannu a hankali. Idan ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, ka yi sa'a. Idan ya ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri, kana gwada shi gaba kaɗan baya kaɗan. Kada ka hau kan bututu da nauyinka, zoben fistin zai karye ko notin ya gutsure. Injin da ya ƙi motsi bayan mako biyu na jiƙo, sai an buɗe shi.

Idan injin mai bel ɗin tayimin ne, sauya shi kafin tayarwa, komai kyawun da ya yi a ido. A injuna da yawa idan ya tsinke fistin yana dukan bawul. Mai sarƙa kuwa, irin 22R na Toyota, sai ka saurari ƙararsa bayan ya tashi.

Juye tsohon baƙin mai, sa sabo da sabuwar filta. Sai fetur. Wanda ya daɗe a tanki yakan zama danƙo mai wari, ya toshe komai. Kada ka bar shi ya kai kafireta. Cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ka ba famfon mai sabon fetur daga ƙaramin galan mai murfi da ka ɗaure nesa da salansa. Tankin kuwa a sauke a wanke daga baya. Idan ya huje, a sauya shi. Ba a yi wa tankin fetur walda a gida, ko da ya shekara babu mai a ciki, domin tururin da ya rage ya isa ya tarwatsa shi.

Kwance kafireta a kan farin ƙyalle, hoto bayan hoto. Wanke ta, ka hura ƙananan ramukanta da iska. Kada ka zura musu waya ko allura, za ka faɗaɗa su ta riƙa shan mai. Kafin ka cire sukurun daidaita mai da iska, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta adadin, domin ka mayar da shi inda yake.

Yanzu wuta. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6. Goge kawunansa da inda wayar at, wato wadda ke haɗa batir da ƙarfen mota, ke kama bodi da injin har ƙarfe ya yi haske. In motar mai kwantak ce a cikin distirbuta, goge bakinsa da samfefa mai laushi, tazararsa wajen milimita 0.4 ce a yawancin injuna, ta fulogi kuma tsakanin 0.7 da 0.9, amma littafin motarka shi ne alƙali. Mafi yawan injuna masu silinda huɗu jerin wutarsu 1-3-4-2 ne.

Kafin ka mayar da fulogai, cire wayar koyil, ka buga kik na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, har fitilar mai ta mutu. Ta haka mai zai isa ko'ina kafin injin ya ɗauki nauyi. Tsohon man da ka zuba a silinda zai fantsamo, rufe ramukan da tsumma. Sannan mayar da fulogai, tabbatar akwai ruwa a lagireto, tukunyar kashe gobara a gefenka, ƙofar gareji a buɗe. Hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Idan ya tashi kada ka taka totur. Idonka a kan fitilar mai. In ba ta mutu ba cikin daƙiƙa biyar, kashe shi nan take. Hayaƙi na mintunan farko man da ka zuba ne ke ƙonewa. Wanda ya ci gaba bayan injin ya yi zafi shi ne abin karantawa: shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga silinda, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Mai injin dizal: sauya filtar mai, ka fitar da iska daga layin da ƙaramin famfon hannu, ka gwada fulogan ɗumama silinda. Kada ka nemi yoyo a bututun nozul da yatsa, matsin man yana huda fata.

MATAKI NA 5: AUNA MATSI KA YANKE HUKUNCI

Injin na da ɗumi, cire fulogai duka, buɗe totur gaba ɗaya, ka auna kowace silinda. A injin fetur, lafiyayye yakan ba da wajen psi 125 zuwa 180. Ƙasa da 100 ya gaji. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kada bambanci tsakanin silindu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Silindar da ta yi ƙasa, zuba mata cokalin mai ka sake aunawa. In ta hau sosai, zobe ne ya cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Biyu maƙwabtan juna da suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Dizal matsinsa ya ninka wannan, ma'auninsa ma daban ne.

Ga ra'ayina, idan matsi ya daidaita, fitilar mai tana mutuwa, babu bugun ƙarfe daga ƙasa, to ka ƙyale injin. Sha'awar buɗe shi don a ga ciki ita ce ta mayar da motoci da yawa kufai. In kuwa dole ne, tara kuɗin kayan duka tukuna: zobe, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, gasket, da ladan mai injin gyaran ƙarfe. Sai sun cika a hannunka za ka kwance noti na farko. Wajen mayar da tof-silinda, ana ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje, a matakai biyu ko uku, da sifana mai auna ƙarfi. Idan kuɗin ringi, wato wannan buɗe injin a gyara, ya fi na injin kwance mai lafiya, ɗauko na kwancen, amma a auna matsinsa a gabanka.

MATAKI NA 6: BIRKI

Injin ya tashi, zuciya za ta ce ka ɗan zaga da ita. Kada ka yi. Robobin birkin da suka yi shekaru a bushe suna iya riƙewa sau biyu, a taku na uku ƙafarka ta tafi har ƙasa.

A nan ba a tsimi. Sauya tiyoyin roba duka, da robobin masta, wato famfon birkin da ƙafa ke turawa, da ƙananan silindun da ke cikin dirom, da layinin birki idan ya cinye ko mai ya jiƙa shi. Bututun ƙarfe da tsatsa ta ci a sauya shi da bututun da aka yi don birki, ba a haɗa shi da gutsuren tiyo. Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, domin wanda ba ka kwance ba ya zame maka abin dubawa wajen mayar da sifirin. Ƙurar tsohon birki na iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu. Jiƙa ta ka goge da tsumma, kada ka hura.

Man birki DOT 3 ko DOT 4, duk wanda aka rubuta a murfi. Yana tsotsar ruwa daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, kuma ba a amfani da wanda gwangwaninsa ya daɗe a buɗe. DOT 5 wani abu ne daban, ba ya gauraya da su. DOT 3 da DOT 4 suna cin fenti, in sun zuba a wanke da ruwa.

Wajen fitar da iska, fara da tayar da ta fi nisa da masta. Wani ya taka sau uku ya riƙe, kai ka buɗe nonon fitar da iska da ke bayan tayar ka rufe, sannan ya saki. Kada ka bari kwanon masta ya ƙafe. Idan babu mai taya ka, zura tiyo mai garai-garai a kan nonon, ɗaya bakin ya nutse a kwalba mai ɗan man birki, ka riƙa takawa a hankali har kumfa ta daina fita. Amma in da hali, kira wani. Wanda ke cikin damuwa yakan janye daga mutane, aikin birki kuwa dalili ne mai kyau na kiran ɗan'uwa ko aboki ba tare da dogon bayani ba.

MATAKI NA 7: TAYA DA SITIYARI

A gefen taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. In lambobi uku ne, an yi ta kafin 2000. Tayar da ta haura shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba.

Ɗaga gaba, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Motsi a nan boris ne ko boljoyin. Kama ta hagu da dama, motsi a nan tayarod ne. Duba ganyen sifirin ko akwai karyayye, da notunan da suka ɗaure shi da aksul. Shokazoba mai yoyon mai ta mutu, kuma bibbiyu ake sauya su. Duk inda ka ga nonon giris, ba shi.

MATAKI NA 8: RUWA DA MAN GIYA

Wanke lagireto har ruwa ya fito garau. Sauya tiyoyi, fanbel, murfi da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin injin. Kada ka cire tamostat ka jefar kamar yadda wasu ke yi, injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Zuba ruwan sanyaya injin rabi da rabi da ruwa mai tsabta. Guba ne mai zaƙi, a kawar da shi daga yara da dabbobi. Ba a buɗe lagireto da zafi.

Wajen sauya man giya da na aksul, fara kwance notin zubawa kafin na juyewa. Idan ka juye sannan na sama ya ƙi buɗuwa, ka tsayar da motarka da kanka. Tsofaffin giyoyi da yawa mai samfurin GL-4 suke so, aksul kuma GL-5.

MATAKI NA 9: WAYOYI

Duk aikin waya, cire kan batir na at tukuna, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Mafi yawan fitilun da ke wasa, at ne ya yi tsatsa. Fiyus ɗin da ke ƙonewa yana gaya maka akwai waya da ta goge tana taɓa bodi. Nemo ta. Sa waya ko takardar azurfa a gurbin fiyus shi ne hanyar da motoci ke kamawa da wuta. Injin na aiki, mita ta nuna volt 13.8 zuwa 14.4 a kan batir. Ƙasa da 13, altaneta ba ta caji.

MATAKI NA 10: TSATSA DA FENTI

Fenti ne ƙarshe, duk da shi ido ya fi so. Tsatsar sama a gurje ta har ƙarfe ya fito, a shafa sinadarin kashe tsatsa, a bi da fentin shimfiɗa a ranar, domin tsiraran ƙarfe kwana ɗaya ya ishe shi ya fara ja. Inda ya huje, a yanke har a kai lafiyayyen ƙarfe, a yi masa faci da walda ɗigo-ɗigo ana tsallakawa, don kada zafi ya lanƙwasa shi. Kafin walda cire batir, ka duba abin da ke bayan ƙarfen: waya, tiyon mai, soson kujera. Waldar shasi kuwa a ba ƙwararre.

Kwaɓin fila na gyara ƴar lotsawa ne, kaurinsa kada ya wuce milimita 3. Wanda aka cusa a rami ko aka shafa kan tsatsa zai kumbura ya faɗo. Tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, a gurje shi da takunkumi. Fenti mai haɗin sinadarin ƙarfafawa yana da haɗari ga huhu ƙwarai, takunkumin ƙura ba ya tare shi. Idan ba ka da kayan kariya, shirya bodin da kanka ka kai a fesa. In kuɗi bai kai ba, fentin mai da rola, shafi siriri-siriri ana goge tsakani da samfefa mai ruwa, yana kare ƙarfe shekaru. Ƙofa ɗaya, ko gefe ɗaya, ka gama ka rufe kafin ka gurje na gaba.

MATAKI NA 11: IDAN DOLE KA TSAYA

Wannan mataki ba shi da gurbi a jeri, yana iya zuwa bayan kowanne. Idan ka ga alamar za ka yi watanni ba ka taɓa motar ba, ba ta yini ɗaya.

Mayar da duk abin da zai mayu, ko da ɗaurin hannu ne, ka manna tef a sitiyari ka rubuta da manyan baƙaƙe abin da bai ɗauru ba, musamman birki da notin taya. Toshe bakin kafireta da na salansa da duk wani rami na injin. Zuba ɗan mai a silindu ka juya da hannu. Ƙarfen da ke tsirara a shafe shi da fentin shimfiɗa ko mai. Juye fetur daga kafireta. Cire batir, a riƙa yi masa caji duk wata, in kuwa tsayawar za ta yi tsawo, ba wanda zai yi amfani da shi. Saki birkin hannu don kada ya manne da dirom, ka sa weji. Ƙara wa tayoyi iska ko ka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe. Rufe ta da abin da iska ke ratsawa, leda tana tara gumi. Ledojin notuna su shiga akwati ɗaya a cikin motar, littafin a sama, shafin ƙarshe ɗauke da aikin da za ka fara da shi.

Akwai kuma ranakun da kana nan amma ba ka da ƙarfin zuciya. Ajiye musu ƙananan ayyuka: goge notuna da burushi, wanke fitila, gyara hannun ƙofa, abin da za a fara a gama cikin rabin sa'a. A irin wannan rana kada ka shiga ƙarƙashin mota, kada ka taɓa birki ko fetur ko injin yanka ƙarfe. Haka idan ba ka yi barci ba, ko kana shan magani mai sa jiri. Aikin hannu yana rage nauyin zuciya, na shaida haka, amma ba ya maye gurbin likita ko mutumin da za ka buɗe wa cikinka. Idan damuwar ta kai ba ka iya ci ko barci, mota ta jira, ka nemi taimako. In kuma hali ya kai sai an sayar da ita, motar da ke tashi, da takardunta da littafinta, tana da mai saye. Wadda ke cikin buhuna sai a kilo.

MATAKI NA 12: FITA TA FARKO

Kammala rajista, inshora da binciken lafiyar mota yadda dokar ƙasarka ta tanada. Bi notunan taya ɗaya bayan ɗaya. Fara a fili mara mutane, da gudun tafiyar ƙafa, ka taka birki. Ya kama da ƙarfi, motar ba ta ja gefe ba. Sai ka yi kilomita biyu ko uku ka dawo, ka leƙa ƙasa neman yoyo, ka kai bayan hannu kusa da kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta na riƙewa ko boris ya matse.

Ƙara nisa a hankali, da sifanu da ruwa da tukunyar kashe gobara a mota, idonka yana komawa kan allurar zafi. Bayan kilomita 80 zuwa 100 sake ɗaure notunan taya da na sifirin. Idan an yi wa injin ringi, riƙa sauya gudu, kada ka ɗora mata kaya masu nauyi, ka juye baƙin mai da filta a wajen kilomita 800. Duk ƙarar da ka ji a hanya, rubuta ta da gudun da kake yi da giyar da kake ciki, ka bi su ɗaya-ɗaya, kana farawa da na birki da na sitiyari.